Yarinyar da ba ta damun kowa: Abin da darasin zane zai iya yi wa 'yan matan Maiduguri masu larurar ADHD

A makarantun gwamnati na Maiduguri, kamar na sauran biranen Arewa, yaron da ake lura da shi shi ne mai tayar da ƙura. Wanda ba ya iya zama a benci, mai tsokanar na kusa da shi, mai amsa tambaya tun malam bai rufe baki ba, shi ake kai wa ƙara ofishin hedimasta, a kira mahaifinsa, wani lokaci har maganar ta kai asibiti. Yarinyar da ke layin baya kuwa, wadda ta gyara hijabinta ta zuba wa allo ido alhali hankalinta ya yi nisa, babu mai kai ƙararta, domin ba ta yi wa kowa laifi ba. Sai ƙarshen zangon karatu, in sakamako ya fito, a rubuta mata cewa ta ƙara ƙoƙari. A gida kuma a fara raɗe-raɗin cewa boko ba nata ba ne.

Daga cikin irin waɗannan 'yan mata akwai masu ɗauke da larurar da likitoci ke kira ADHD a taƙaice, wato matsalar tattara hankali da kame kai wadda ake tasowa da ita tun ƙuruciya. Kundin tantance larurorin ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka, bugu na biyar da ya fito a 2013, ya kasa ta gida uku: wadda rawar kai da gaggawa suka fi yawa a cikinta, wadda shagala da rashin tattara hankali suka fi yawa, sai kuma wadda ta haɗa biyun. Ta biyun ce ke ɓoyewa. Mai ita ba ta tsalle-tsalle, ba ta surutu. Kuskuren ganganci ne ke yawa a aikinta, ana yi mata magana kamar ba ta ji, tana fara aiki ta kasa kai shi ƙarshe, kayanta kullum a watse, fensir da littafi ba sa kwana biyu a hannunta, kuma duk aikin da ke buƙatar dogon tunani tana gudunsa. Kafin likita ya ce larurar ce, sai alamomi shida daga cikin tara sun tabbata a jikin yaro na tsawon wata shida aƙalla, sun faro kafin shekara 12, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, sannan suna yi wa rayuwarsa illa a zahiri.

Binciken da ya tattara alƙaluman ƙasashe da dama ya nuna cewa kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da larurar, kuma nazarin da aka yi kan tagwaye ya tabbatar da cewa gado ne ke da kaso mafi tsoka a cikinta, fiye da kashi 70 cikin 100. Ke nan ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba, bulala kuma ba ta korar ta. In aka ɗauki wancan ƙiyasi, ajin da ke da yara 80 zai iya ƙunsar irin waɗannan yara huɗu. A asibitocin duniya, yara maza da ake gano larurar a jikinsu sun ninka mata aƙalla sau biyu, kuma masana sun daɗe suna cewa wani ɓangare na wannan tazara daga ido yake, domin mata sun fi zuwa da nau'in shiru. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta rubuta ƙarara a jagorarta ta 2018 cewa ana yawan kasa gane larurar a jikin 'yan mata da manyan mata. In haka abin yake a ƙasar da kowace makaranta ke da jami'in kula da masu buƙata ta musamman, sai a auna yadda zai kasance a Gwange ko Bulunkutu.

Al'ada ma na taimakawa wajen rufe lamarin, ba da gangan ba. A gidan Bahaushe da na Babarbare, kunya da kawaici ado ne ga 'ya mace, saboda haka yarinyar da ta yi shiru a aji ta cika sharaɗin ladabi. Inda asirin ke tonuwa shi ne gida. An aike ta sayen abu uku ta dawo da biyu, ta bar canji a shago. An bar mata tukunya a wuta, ta shagala da kallon wani abu har girki ya kama. Daga nan sai laƙabi ya biyo baya: sakarya, shashasha, mai nawa, raguwa. Wasu iyayen kan zaci shafar iska ce, su nufi wajen masu magani. Yarinyar da ta shekara goma tana jin waɗannan sunaye takan gaskata su, kuma likitoci sun san cewa fargaba da ciwon damuwa sukan biyo bayan larurar da ba a gano ba, musamman a shekarun balaga. Idan lokacin yanke shawara ya zo a gidan da kuɗin makaranta ba ya isar kowa, ba sai an yi dogon taro ba kafin a san wadda za a ɗora wa farantin talla, ko a karɓi gaisuwar mai neman aurenta.

Sai dai Maiduguri na da nata yanayin da ke sa dole a yi taka-tsantsan. Yarinyar da ke aji ɗaya na ƙaramar sakandare a yau an haife ta ne bayan rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009. A 2014, shekarar da aka sace ɗalibai 276 a Chibok, an rufe makarantu a jihar, da yawa daga cikin na birnin kuma suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Iyalai daga Bama da Gwoza da Konduga da Dikwa sun yi shekaru a sansanoni irin su Bakassi da Dalori kafin gwamnatin jiha ta fara rufe su daga 2021. Ana murmurewa daga wannan sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu, makarantu suka sake zama mafaka. Yaron da ya ratsa irin wannan rayuwa, hankalinsa zai iya tashi daga aji saboda firgici, ko rashin barci, ko yunwa, ko ƙarancin jini. Akwai wanda kunnensa ne ba ya ji sosai, akwai wanda ba ya ganin allo, akwai kuma wani nau'in farfaɗiya da ke ɗauke yaro na 'yan daƙiƙoƙi ya yi zuru ba tare da ya faɗi ba, sau da yawa a rana. Duka waɗannan suna kama da ADHD a idon wanda bai ƙware ba, kuma kowanne maganinsa daban. Wata yarinyar ma tana ɗauke da biyu a lokaci guda. Duk wani shiri da zai sa malamin aji ya riƙa liƙa wa yara sunan cuta ya fi zaman banza muni.

Masu iya rarrabewa kuwa ba su da yawa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200, kuma waɗanda suka ƙware kan yara kaɗan ne daga cikinsu. Maiduguri ta fi garuruwa da yawa sa'a, tunda tana da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan hanyar Baga, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Amma asibitocin nan na ɗauke da nauyin yanki guda da yaƙi ya ɗaiɗaita, ga masu fama da shaye-shaye, ga masu manyan larurori. Uban da zai ɗauki 'yarsa lafiyayya ya kai ta asibitin da jama'a ke kira na mahaukata don kawai tana mantuwa, sai an tona. Maganin da aka fi amfani da shi a duniya, methylphenidate, yana cikin magungunan da doka ta tsaurara sayar da su, ba a kowane kanti ake samunsa ba, kuma a birnin da ya ga ɓarnar tiramadol ba abin mamaki ba ne iyaye su yi ɗari-ɗari da ƙwaya.

A nan ne darasin zane da ƙere-ƙere ke shigowa, kuma ya kamata a faɗi iyakarsa tun da wuri. Zane ba ya warkar da ADHD. Hanyoyin da bincike ya fi tabbatar da amfaninsu su ne horar da iyaye kan yadda za su tafiyar da yaro, gyara tsarin aji, da magani ga wanda likita ya ga yana buƙata. Binciken da aka yi kan jinya ta hanyar zane ga masu wannan larura ƙanana ne, ba su kai a gina da'awa a kansu ba. Haka nan maganar da ke yawo a intanet cewa duk mai ADHD haziƙi ne a fasaha, daɗin baki ne. Wasu haziƙai ne, wasu matsakaita, kamar sauran 'ya'yan mutane.

Amfanin darasin yana wani wuri dabam. Babbar matsalar yarinyar nan ita ce riƙe umarni a ka. Malam ya ce a buɗe shafi kaza, a kwafi tambaya ta uku, a amsa a bayan littafi. Kafin ya kai ƙarshe, farkon maganar ya zube mata. Magana iska ce, da an faɗa ta wuce. Aikin hannu kuwa yana nan a gabanta. In hankalinta ya tafi ya dawo, zaren na nan inda ta bar shi, zanen da take bi bai goge ba, ba sai ta tambayi kowa inda aka kwana ba. Sakamakon kowane motsi kuma nan take take ganinsa, layi ya miƙe ko ya karkace, ba sai ta jira jarrabawar wata uku ba. Masu wannan larura an san su da wahalar jiran lada mai nisa, kuma an san cewa hankalinsu kan kafe a kan abin da ya ja ra'ayinsu har su manta da lokaci. Wannan ne ke rikita iyaye: yaya za a ce yarinyar da ke shafe awa biyu tana zana lalle a hannun ƙanwarta ba ta iya tattara hankali? Amsar ita ce hankalin na nan, linzaminsa ne ba ya hannunta a kowane lokaci.

Akwai kuma shaidar cewa zane na taimakon karatu shi kansa. Masu bincike a Jami'ar Waterloo da ke Kanada sun wallafa a 2016 cewa mutanen da aka sa su zana hoton kalma sun fi tuna ta fiye da waɗanda suka yi ta rubuta ta. Ɗaliban jami'a aka gwada, ba yara masu ADHD ba, don haka ba a miƙe ƙafa a kansa fiye da kima. Amma ya isa ya nuna cewa malamar da ta ce wa aji su zana yadda ruwa ke tashi sama ya dawo ƙasa, maimakon su kwafi sakin layi biyu daga allo, ba wasa take yi da lokacin gwamnati ba.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne abin da malami zai gani. A darasin da kowa ke kwafar rubutu, yarinya mai ADHD da mai matsalar ido da mai jin yunwa da wadda ba ta iya karatu ba duk kamanninsu ɗaya: littafi rabi a cike. A darasin aikin hannu kuwa bambanci na fitowa. Malamar da ta ga ɗalibar da ake kira daƙiƙiya ta ƙirga gidajen zane ba kuskure, ta daidaita hagu da dama, ta zaɓi launi da basira, amma ta manta allurarta sau uku a mako kuma ta fara hula ta biyu ba ta gama ta farko ba, ta samu labarin da takardar jarrabawa ba za ta taɓa ba ta ba. Ta san kan yarinyar na ja. Ta kuma san inda matsalar take. Wannan shi ne bayanin da ma'aikacin lafiya ke buƙata daga makaranta, tunda sharaɗin tantancewa ne a ji yadda yaro yake a wuri fiye da ɗaya.

Borno ba ta buƙatar a shigo mata da fasaha daga waje. Hular zanna da ake ƙawa da ita a zauren Majalisar Tarayya da ofisoshin Abuja, da yawa daga cikin masu kyanta daga hannun mutanen Bama suka fito, kuma bayan gudun hijira ɗinkin hula ya zama abin da ya riƙe gidaje da dama a Maiduguri. Hula ɗaya mai aiki sosai takan ci makonni. Wanda ya duba ta da kyau zai ga lissafi ne zalla: ƙirga zare, maimaita siffa, raba da'ira gida-gida ta yadda ƙarshen zane zai haɗu da farkonsa ba tare da gurbi ba. Ga ƙunshi da lallen amare da matan Borno suka yi suna a kai, ga saƙar faifai da tabarma, ga haɗa turaren wuta da humra. Sannan ga abin da ya girmi duka: Borno ta shahara tun ƙarnoni da rubutun Alƙur'ani da hannu, da salon rubutunta na Barnawi, da zayyanar da ake ƙawata allo da shafuka da ita. Wannan kaɗai ya amsa damuwar iyayen da ke ƙyamar darasin zane saboda sun ji malamai na hani ga zana mai rai. Ana iya shekara uku ana koyar da tsara siffofi da launi da zayyana ba a zana ko ƙadangare ba. A ɓangaren zamani kuma, birnin da ya haifi Fati Abubakar, mai ɗaukar hoton da aikinta kan rayuwar yau da kullum a Borno ya zagaya duniya, ba ya buƙatar a gamsar da shi cewa 'ya mace na iya cin abinci da ido da hannu. Wayar hannu mai sauƙin kuɗi ta isa a koya wa yarinya tsara katin biki ko tambarin shago.

Ga hatsarin da ya fi kowanne girma, kuma shi ne dalilin da ya sa bai kamata a bar wannan batu a hannun masu rabon kekunan ɗinki ba. Tsarin tallafi da aka saba da shi a Arewa maso Gabas yana da ƙofa ɗaya ga yarinyar da karatu ya yi wa wuya: a cire ta daga aji, a koya mata sana'a ta wata uku, a ba ta keke da takardar shaida, a ɗauki hoto. In aka ce 'yan mata masu shagala sun dace da aikin hannu, ba tare da an ƙara komai ba, to an ba iyaye da makarantu hujjar sallamar su da lasisin likita. Yarinya 'yar shekara 11 da ke ɗinka hula daga safe zuwa yamma don ɗan kasuwa ya saya da araha ba a ƙarfafa ta ba, aikatau take yi. Ma'aunin kowane shiri shi ne ko yarinyar na nan a aji a zango mai zuwa, ko karatunta da lissafinta sun motsa. Hular da ta ɗinka sheda ce a gaban mahaifinta da malaminta, da ita kanta, cewa ba daƙiƙiya ba ce. Daga nan sai a ɗauki dabarar da ta yi aiki a kan hula a kai ta darasin lissafi. A gutsura aiki ƙanana-ƙanana. A rubuta matakai a kati a ajiye a gabanta. A dawo da ita layin gaba, nesa da taga. A ba ta umarni ɗaya a lokaci guda, a tabbatar ta maimaita shi. A yaba mata a ranar da ta yi, ba a ƙarshen shekara ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kwangila.

Ba kuma kowane aikin hannu ne ke dacewa ba. Ɗinkin da zai ɗauki mako shida kafin a ga ƙarshensa zai iya gundurar mai ADHD kamar yadda dogon rubutu ke yi, ta jefar da shi a rabi, a ƙara mata wani laƙabin. Gwanintar malama ita ce ta fara da abin da za a gama a zama ɗaya, kamar zana gefen hula a takarda mai gidaje, sannan a tsawaita a hankali. Koyon kammala abu shi ne darasin, ko da kuwa abin ɗan ƙarami ne.

Za a ce jihar da ke fama da yaran da ba su taɓa shiga aji ba, da rufin makarantun da ruwa ya ci, ina ta ga sukunin fenti da zare? Tambayar na da nauyi. Gwajin da gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta yi wa malaman firamare, wanda aka bayyana sakamakonsa a farkon 2022, ya nuna cewa cikin malamai 17,229, guda 5,439 ne kawai suka cancanci koyarwa kai-tsaye. Wanda ya ga wannan adadi zai yi shakkar ɗora wa malaman wani sabon nauyi. To amma darasin da ake magana a kai ba sabo ba ne. Al'adu da fasahar ƙirƙira na cikin manhajar ilimin bai-ɗaya da hukumar NERDC ta tsara, yana kan jadawalin firamare da ƙaramar sakandare, ana biyan malaminsa albashi, ana yin jarrabawarsa. Matsalar ita ce a makarantu da yawa alli kaɗai ake koyar da shi: a rubuta ma'anar launi a allo, yara su kwafa, su haddace, ba wanda ya taɓa launin da hannunsa. Sa'o'in an riga an biya su. Gyaran manhajar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar a 2025 ma ya sanya tsara tufafi da ɗinki cikin sana'o'in da ɗalibi zai iya zaɓa. Kuma yarinyar da aka kashe kuɗi aka gina mata aji, aka shigar da sunanta rajista, sannan ta fice a aji biyar saboda ba wanda ya gane abin da ke damunta, asara ce a kan kuɗin da aka riga aka kashe.

Maɓallan wannan aiki da yawansu a Abuja suke, a kan teburan mutanen da ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 500 a 2020 ya kuma ƙara masa miliyan 700 a 2023, Borno na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga. Shirin na da zaman koyar da dabarun rayuwa inda 'yan mata ke haɗuwa da malama mai ba da shawara a ƙananan rukunoni. Wuri ne da ya dace a saka aikin zane mai tsari, a kuma koya wa malamar alamomin da za ta lura da su da inda za ta tura yarinya. Hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta ba kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, tana da kason horar da malamai, da na kayan koyarwa, da wani ɗan kaso na masu buƙata ta musamman. A aikace, in an ce buƙata ta musamman, abin da ke zuwa zuciyar jami'i shi ne keken guragu da sandar makafi da na'urar ji, kuma duk suna da muhimmanci. Amma dokar hana nuna wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ba ta tsaya ga abin da ido ke gani ba, haka ma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 a Janairun 2023. Jumla ɗaya a cikin ƙa'idar kashe waɗannan kuɗaɗe, wadda ta ambaci larurorin koyo da tattara hankali da sunansu, za ta buɗe ƙofar da shekaru ba su buɗe ba.

Hukumar kula da kwalejojin ilimi ita ke da ikon cewa kada ɗalibin NCE ya fita bai san kamannin wannan larura a jikin 'ya mace ba. A ɓangaren lafiya, jagorar mhGAP ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka tsara don ma'aikatan da ba likitocin ƙwaƙwalwa ba, tana da babi kan yara da matasa, kuma an riga an yi amfani da ita wajen horar da ma'aikatan lafiya a Borno a shekarun agaji. Abin da ya rage shi ne hanya tsakanin makaranta da asibitin unguwa: takarda ɗaya da malama za ta cike, a fara duba ido da kunne da jini, wanda ya wuce nan a tura shi hanyar Baga, da yardar iyaye kuma cikin sirri. Hukumar Raya Arewa maso Gabas, da hedikwatarta ke cikin Maiduguri, ta gina azuzuwa da yawa. Kwali da zare da allura da fensir mai launi na makaranta guda ba su kai kuɗin ƙofa da tagogin aji ɗaya ba. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, na yaye ɗaliban zane da na ilimi da na likitanci a harabar da ba ta da nisa da makarantun da ake magana. Ita kuwa ma'aikatar al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira da aka kafa a 2023, hankalinta ya fi karkata ga fim da waƙa da manyan bukukuwa, alhali masu tsara tufafin da take fatan Nijeriya ta fitar waje nan da shekara goma suna aji huɗu a yanzu.

Abin da zai fi dacewa a fara da shi ƙarami ne: makarantu kaɗan a cikin birni da Jere, shekarar karatu ɗaya, malaman fasaha da aka horar tare da matan unguwa masu ɗinkin hula da lalle a matsayin mataimaka da ake biya, da likitocin da suka amince su karɓi waɗanda aka turo. Darasin na kowa da kowa ne a aji, domin ware wasu 'yan mata a ce su ne masu matsala zai haifar da tsangwamar da ake gudu, kuma a garin da maganar aure ke bin sunan gida, iyaye za su janye 'ya'yansu tun ranar farko. Jami'ar ta riƙe alƙaluma daga farko: nawa ne suka halarci makaranta, nawa aka tura asibiti, me aka samu a jikinsu, nawa suka koma aji a shekara ta gaba, kuma yaya makinsu na karatu da lissafi ya kasance idan aka kwatanta da makarantun da ba a yi shirin ba. In sakamakon ya nuna cewa yawancin waɗanda aka tura tabarau suke buƙata ko maganin ƙarin jini, an ci riba. In ya nuna darasin bai riƙe kowa a makaranta ba, a rubuta haka a rahoton, a kai wa babban sakatare kafin a nemi kuɗin faɗaɗa shi zuwa Biu da Monguno.